Hanyar keken da ta ƙare a bakin get: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar tsara gari da kamfanin da ya gina mana gidaje

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni mazaunin kashi na farko ne a sabon rukunin gidajen da ɗayanku ya sa wa hannu, ɗayanku kuma ya gina. Da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya, domin sau uku ina kai wannan magana, kowane zuwa sai a nuna mini ƙofar wani ofishin. Kamfani ya ce hurumin hukuma ne, hukuma ta ce ai kamfani ne ya yi zanen. To yau ga shi na tara ku wuri guda a gaban jama'a. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba tozarci ya kawo ni ba, kuma na san masu irin kukana suna nan da yawa a sababbin unguwannin da ban taɓa takawa ba.

Abin yabo dai a yaba. Gidan da kuka miƙa mini ya ginu, rufi ba ya yoyo, ɗakuna suna shan iska, itatuwan da kuka dasa a layinmu sun kama. Kukana a kan abu ɗaya ne, hanyar keke. Da na so in haƙura, sai na ga an fara kafa turakun awo a filin kashi na biyu, na ce in na yi shiru yanzu, gobe ihu bayan hari zan yi.

A takardar tallan da aka ba mu kafin mu biya kuɗi akwai hoton wata mata a kan keke, ɗanta na biye da ita a kan nasa ƙarami, inuwar itatuwa ta lulluɓe su. 'Yata mai shekara 10 ita ta fara ganin hoton, ta yanke shi ta liƙa a bangon ɗakinta tun muna tsohon gida. Makarantarsu ba ta kai kilomita 2 daga sabuwar ƙofarmu ba, tafiyar da ko yaro zai yi cikin minti 10 a keke. Muka yi alkawari da ita cewa in mun tare, da kekenta za ta riƙa zuwa.

Ranar farko muka fito da sassafe, tana gaba ina biye. Hanyar ta ɗauke mu daga filin wasan yara, jan fenti sabo fil, har da hoton keke da aka zana da fari a ƙasa. Muka wuce layi bayan layi tana ta kaɗa ƙararrawa ba dalili. Muna isa bakin get sai fentin ya ƙare kamar an datse shi da wuƙa. Gabanmu shataletale ne, babban titi ya shigo ta dama da hagu, tifofin da ke kai yashi filin kashi na biyu suna ta juyawa a ciki. Yarinyar ta ja birki, ta sauke ƙafa ɗaya, ta waiwayo ta ce, “Baba, yanzu ta ina?” Kafin in buɗe baki wata tifa ta wuce, iskarta ta kaɗa mata jakar baya. Muka juya gida, muka jingine kekunan, na ɗauko makullin mota. Tun daga ranar ni ma na shiga jerin motocin da ke cunkushewa a get ɗin nan kowace safiya, yawancinmu yaro ɗaya tal muka ɗauko, za mu kai shi makarantar da ake hango rufinta daga tagar benenmu.

Da abin ya ci gaba da cina, sai wata ranar hutu na ɗauki tef ɗin awo na bi hanyar da ƙafa daga farko har ƙarshe. Faɗinta mita ɗaya da 'yan kai, kuma wai ita ce ta masu tafiya, ita ce ta masu dawowa. Hannun keken babban mutum kaɗai yakan kai santimita 60 ko fiye, ga gwiwar hannu, ga 'yar tangaɗin da kowane keke yake yi in yana tafiya, balle a hannun yaro. Biyu in sun haɗu, dole ɗaya ya faɗa ciyawa. A wuri biyu turken fitila yana tsaye a tsakiyar hanyar cif. Da alama mai fitila ya riga mai fenti zuwa, shi kuma mai fenti ya shafa har gindin turken, ya tsallake, ya ci gaba abinsa. Murafen magudanar ruwa an ɗora su tsagoginsu na bin inda taya ke tafiya, daidai faɗin da siririyar taya za ta faɗa ta maƙale, mai keke ya tashi sama ya sauka da ka. Juya murfin kawai ake buƙata, tsagogin su gitta hanya. Ko cokalin siminti ɗaya wannan gyaran ba zai ci ba.

A kowace mahaɗa hanyar tana sauka daga dakali ta sake hawa, da ɗan tudu kamar yatsu uku. Mai mota ba zai taɓa sanin da shi ba. Mai keke kuwa a ƙugunsa yake jin sa, yana lanƙwasa gargare, yana jawo faci, in kuma ka zo masa a karkace bayan an yi ruwa sai ya zame maka taya ya kayar da kai. Sannan a bakin kowane ƙaramin layi mai keke ne aka rubuta wa ya tsaya, alhali motar da ke tafiya gefensa, wadda suka nufi wuri ɗaya, wucewa take yi ba ta ko taɓa birki. Na ƙirga tsayawa shida a tafiyar da ba ta kai minti uku ba. Duk wanda ya taɓa taka feda ya san wahalar keke a tashi take, in ya riga ya ɗauki gudu kusan kansa yake kai ka. Wanda aka tsayar sau shida zai bar muku fentinku ya hau titi, daga nan kuma masu mota su ce 'yan keke ba sa jin magana, an yi musu hanya sun ƙi bi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarafan nan biyu da aka gitta a bakin hanyar, waɗanda sai mutum ya yi kwanar maciji kafin ya wuce. An ce don a hana babura ne. Babura suna bi ta ciyawar gefe hankali kwance, har sun yi wa kansu turba. Wanda aka hana shi ne maƙwabcina, wani dattijo mai keken guragu, mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Na tsaya na ga yadda ya gwada ta dama, ya ja baya, ya gwada ta hagu, ya sake ja baya, daga ƙarshe ya juya ya hau titi tare da tifofi. Bai ce komai ba, ni ne kunya ta kama. Haka zai faru da mai keken ɗaukar kaya, da uwar da ke jan 'yar tirelar yara a bayan kekenta.

Kuma ba a rasa ma'aunin waɗannan abubuwa a duniya ba. A shekarar 2020 ma'aikatar sufuri ta Ingila ta fitar da kundin ƙa'idar gina hanyoyin keke, wanda ake kira LTN 1/20, wani ɓangare na tunaninsa kuma daga Holan aka aro shi. A ciki an so hanyar da ke tafiya ɓangare ɗaya ta kai faɗin mita 2, mai zuwa da dawowa ta kai mita 3. An ce mai zane ya sa keke mai tsawon mita 2.8 da faɗin mita 1.2 a ransa, don keken nakasassu da na kaya su samu shiga, in kuma za a kafa turaku a bar tazarar mita 1.5 tsakaninsu. Kundin ya hori masu zane su guji irin ƙarafan da suka tare dattijon nan. Ban ce dokar wata ƙasa ta hau kanku ba. Sai dai faɗin kafaɗar mutum da tsawon keke ba sa canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma injiniyoyinku sun fi ni sanin inda ake samun waɗannan littattafai.

Da na kai wannan kuka ofis, wani ma'aikaci mai fara'a ya ce mini, “Yallaɓai, ai ba mai hawa keke a unguwar nan. Mun duba.” Gaskiyarsa, in a kan hanyar ya duba. Ina roƙon ya dawo ya ɗaga kai ya dubi barandunmu. Kusan kowane bene akwai keke a jingine, wani biyu, wani uku, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa, an mai da sirdi wurin shanya tsumma. Mutanen nan da kuɗinsu suka sayi kekunan, suka ɗauko su daga tsohon gida, suka hau da su bene a kafaɗa. Niyya kam akwai ta. Kowannensu ya isa bakin get ne sau ɗaya, kamar yadda muka isa, ya ga abin da muka gani.

Yanzu zan faɗi abin da zai zama kamar ina warware maganata da kaina. Ko da kun faɗaɗa hanyar, kun juya murafe, kun tuge ƙarafan, ba lallai mutane su hau ba. Akwai garin da ya yi duk wannan kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Stevenage, arewa da Landan, shi ne na farko cikin sababbin garuruwan da Ingila ta tsara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an ayyana shi a 1946. Injiniyansa, Eric Claxton, mai son keke ne na gaske. Ya shimfiɗa hanyoyin keke masu faɗi, a ware daga titin mota, suna bi ta ƙarƙashin shataletale don mai keke kada ya haɗu da mota ko kaɗan. Baƙi sun riƙa zuwa daga wasu ƙasashe don su gani. Amma a ƙidayar 2011, masu zuwa aiki da keke a garin kusan kashi 3 ne cikin 100. Dalili kuwa a fili yake: yadda aka sauƙaƙa wa keke, haka aka sauƙaƙa wa mota, ko ma fiye. Tituna masu faɗi, ba cunkoso, ga wurin ajiye mota ko'ina. Wanda ke da makulli a aljihu, me zai sa ya yi gumi? Milton Keynes, wani sabon garin Ingila da aka ayyana a 1967, ya yi jajayen hanyoyin keke na ɗaruruwan kilomita, shi ma motar ce ta ci kasuwa.

Sai ku kwatanta da Houten, kusa da Utrecht a Holan. Ƙauye ne da aka zaɓa a 1966 don a faɗaɗa shi, yau yana da mutane kusan 50,000. Masu zanensa sun kewaye garin da titin zobe, suka raba cikinsa unguwa-unguwa. Kowace unguwa mota tana shigarta daga titin zoben, amma ba ta iya ratsawa daga wannan unguwa zuwa waccan ta ciki. In kana so ka je gidan abokinka a unguwar da ke maƙwabtaka da taku, sai ka fita zobe, ka zagaya, ka sake shigowa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa kuwa miƙewa kawai suke yi ta tsakiyar gari, cikin ciyayi da itatuwa, kuma a bakin waɗannan hanyoyi aka jera makarantu, aka kai su har tashar jirgin ƙasa. Inda hanyar keke ta gitta ƙaramin titi, mota ce ke tsayawa. Inda ta haɗu da titin zobe, ta ƙasa take wucewa. Ba a hana kowa mallakar mota ba, kuma mutanen garin suna da motocinsu. An dai mai da keke ya zama shi ne yanke, motar kuma zagaye, sai mutane suka zaɓi abin da ya fi musu sauri, kamar yadda ɗan Adam yake yi ko'ina. Ƙungiyar masu keke ta ƙasar ta ba garin kambun birnin keke sau biyu, a 2008 da 2018.

Kada kuma a ce ai su can a kan keke aka haife su. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutum kusan 3,300 a Holan, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye ne suka fito kan titi da taken da ke nufin a daina kashe yara, sai kuma ƙarancin man fetur na 1973 ya zo ya ƙara wa maganarsu nauyi. Abin da ake zuwa kallo yau, zaɓa aka yi, a kan teburin zane irin naku.

To ku ɗauko taswirar unguwarmu ku duba. Mu akasin Houten aka yi mana. Katanga ta kewaye mu, ƙofa ɗaya ce tak, kuma tana kallon babban titi. Makarantar da nake magana tana bayan katangar ne, in da tsuntsu ne kai, da fuka-fuki biyu ka isa. Amma mai keke da mai ƙafa dole su bi zagayen da mota ke bi, su shiga shataletalen da mota ke shiga. Nisan ɗaya ne, haɗarin kuwa nasu ya fi. Wane mai hankali ne zai zaɓi keke a haka? Babbar buƙatata a wannan wasiƙa ke nan: a fasa ƙaramar ƙofa a katangar baya, ta masu ƙafa da keke kaɗai, a shimfiɗa hanya daga nan zuwa makaranta da tashar mota, kuma a zanen kashi na biyu a bar irin waɗannan mashigai tsakanin layi da layi tun kafin a yanka filaye. Tun ran gini ran zane. Yau layi ne na fensir, ana iya goge shi da yatsa. In aka sayar da fili aka ɗora gida a kansa, sai dai a yi ta cizon yatsa shekara hamsin.

Na san abin da za a ce, domin maƙwabtana ma sun faɗa mini: tsaro. Ƙofa ɗaya ta fi sauƙin gadi, kuma wasunmu saboda katangar nan suka sayi gida. Ban raina wannan tsoro ba, ni ma ina da iyali. Sai dai a lura da irin hanyar da ɓarawo yake so. Lungu yake so, mai duhu, tsakanin dogayen katangu biyu, inda ba mai wucewa. In kuka yi mashigar a haka, kun ba shi kyauta, kuma mata da yara ba za su bi ta ba ko da rana. A yi ta da faɗi, a miƙe yadda mai shiga zai hango mafita, da fitila, tagogin gidaje suna kallonta. Hanyar da iyaye ke bi safe da yamma tana da idanu fiye da na maigadi ɗaya. In ana so a sa mata ƙyaure a riƙa rufewa da tsakar dare, ba ni da ja.

Cikin unguwa kuwa ba kowane layi ne ke buƙatar hanyar keke ta daban ba. Abin da ƙananan layuka ke buƙata shi ne mota ta rage gudu. Kun kafa allo mai cewa 30, wato kilomita 30 a awa, na gani, amma kun yi titin a miƙe sambal, da faɗi kamar filin saukar jirgi, kwanoninsa a buɗe yadda direba zai sha su ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Direba da idonsa yake auna gudu, abin da titi ya gaya masa shi yake ji, allo kuwa ado ne. Bambancin 30 da 50 ba ƙarami ba ne. Ƙarfin bugu yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, saboda haka motar da ke kilomita 50 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na mai 30 sau uku. A daƙiƙa ɗayan da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki, mai 30 ya ci mita 8, mai 50 ya ci kusan 14. Yaron da ya fito daga bayan motar da aka faka yana cikin wannan tazarar. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a 30 duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu ƙafa da masu keke. A ƙuntata titin, a matse kwana, a ɗaga mahaɗa ta zo daidai da dakali yadda motar ce za ta hau ta sauka, a dasa itace inda zai karya miƙewar. Abin daɗin ma, ƙaramin titi ya fi babba arahar kwalta.

A unguwar Vauban ta birnin Freiburg a Jamus, wadda aka gina a tsohon barikin sojan Faransa bayan sun tashi a 1992, sun wuce nan. A yawancin layukan gidaje mota tana shiga ne a hankali kamar mai tafiya a ƙafa, ta sauke kaya ta fita, wurin kwananta yana garejin bene a gefen unguwa, mai ita ne kuma ke sayen gurbin. Ban ce ku kai can ba. Ni kaina ina da mota, ina kuma jin daɗinta ranar da za a yi doguwar tafiya ko aka yi sayayya mai nauyi. Abin da ba na so shi ne ta zame mini dole a tafiyar da ƙafa ma za ta iya.

Sai maganar inda keke zai kwana. Kowane gida kun ba shi wurin mota a bakin ƙofa, taku biyar daga falo. Keke kuwa an yi masa wata 'yar rumfa a bayan wurin zuba shara, ba fitila, ba ƙofa, da irin ƙarfen nan mai tsaga da ke riƙe tayar gaba kaɗai. Iska in ta ture keken sai gargaren ya lanƙwashe, ɓarawo kuma in ya zo sai ya kwance tayar ya bar maka ita da kwaɗonka, ya tafi da sauran. Shi ya sa kowa ke hawa da nasa bene, wanda kuma ya hau da keke hawa uku sau ɗaya ba zai sauko da shi don sayen abu a bakin titi ba. Ƙarfen da ya dace sananne ne, mai siffar ƙofa, wanda ake kira da sunan birnin Sheffield, ana jingina jikin keken a ɗaure shi da tayar gaba ɗaya, kowane ƙarfe na ɗaukar biyu. Gurbin mota ɗaya yana cin keke 8 zuwa 10. Kundin Ingilan da na ambata ya ba da shawarar gurbin keke ɗaya ga kowane ɗakin kwana. A sa shi a ƙasa, kusa da ƙofa, da rufi da makulli da haske, har da soket saboda kekuna masu batir da ke ƙara yawa. Ƙa'idar da zan ba mai zane mai sauƙi ce: in fito da keke ya fi fito da mota wuya, a sake zane.

Ku kuma hukuma, nan ne nauyinku yake. Kamfani iyakarsa iyakar filinsa, ba zai zuba kwalta a inda ba nasa ba, kuma fentin ya ƙare ne daidai inda takardar mallakarsa ta ƙare. Amma mutum ba ya tafiya daga filin wasa zuwa get don ya tsaya ya yi kallo. Shataletalen nan naku ne, titin da ya wuce makaranta naku ne. Ku ne ke da ikon cewa ba za a ba da izinin tarewa a kashi na biyu ba sai an haɗa hanyar da inda mutane ke zuwa, ku kuma sa kamfani ya ba da nasa kason na kuɗin aikin, kamar yadda ake sa shi ya ja ruwa da wuta. Birnin Sevilla na Sifaniya ya nuna amfanin haɗawa. Daga 2006 zuwa 2010 ya shimfiɗa hanyoyin keke da suka kai kusan kilomita 120, a haɗe da juna, a ware daga motoci da ɗan shinge, kuma cikin 'yan shekarun nan masu hawa suka ninka sau da yawa, a garin da zafin bazararsa ya yi suna a duk Turai. Masu cewa rana ce ke hana mutane su riƙe wannan. Inuwa dai a dasa ta, tana taimako ƙwarai.

Dalilin da ya sa nake matsa lamba a kan lokaci shi ne abin da na gani a gidana. Wanda ya tare a sabon wuri, makonnin farko ne yake laluben yadda zai riƙa zuwa aiki da kai yara makaranta. Abin da ya kama a lokacin shi ke zame masa jiki. Mu an ce mana haɗin hanyar yana cikin aikin kashi na ƙarshe, wato bayan shekarun da ba wanda ya iya faɗa mini adadinsu. Kafin nan maƙwabtana biyu sun riga sun sayi mota ta biyu, kuma da yake gurbi ɗaya aka ba kowa, kun san inda suke faka ta: a kan jan fentin. Ɗan kwangilar da ke gyaran wani gida ma nan ya ga ya dace ya juye tsakuwarsa, yau wata na uku. Na tambayi wanda ke da alhakin sharewa da hana fakin, kamfani ya ce ya kusa miƙa wa hukuma, hukuma ta ce ba ta karɓa ba tukuna. A rubuta wannan ma a yarjejeniya, da sunan ofishin da za a kira. 'Yata kuwa ƙafafunta sun yi tsawo, keken ya fara yi mata kaɗan, kuma ta daina tambaya. Hoton nan da ta liƙa, ban san ranar da ta cire shi ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina roƙon ku fito da zanen kashi na biyu ku baje shi a gabanmu kafin gireda ta shiga, mu da muka zauna a na farko mu nuna muku inda ƙaya take. Kafin nan kuma ina gayyatar mutum biyu, wanda ya zana hanyar da wanda ya sa mata hannu, su zo ranar makaranta da ƙarfe bakwai da kwata na safe. Kada su zo da direba. Akwai kekuna biyu a barandata, zan sa musu iska in shafa wa sarƙa mai tun daren. Za mu tashi daga filin wasa, ni ina baya, su suna gaba, dattijon nan ma ya ce zai biyo mu in an buɗe masa ƙarafan. In mun isa bakin get sai su nuna mini ta ina.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin kashi na farko